DAURA BA RIJIYA KAƊAI BA CE

Ina roƙon Edita ya ɗan ba ni fili in faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai tun hutun da ya wuce. Ni mutumin ƙasar Daura ne, can aka yanke mini cibiya, can na yi karatun allo har na sauke, can kuma na fara na boko. Saboda haka in kun ji na taɓa garinmu cikin wannan takarda, kada ku ɗauka raini ne. Ciwon 'ya mace, in ji masu magana, na 'ya mace ne.

Mafarin al'amarin shi ne wata kunya da na sha sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa. An ba ni ajin yara 'yan shekara goma zuwa sha biyu, aka ce in koya musu tarihi. Na ce a raina, ai wannan tuwona maina. Na miƙe na ba su labarin Bayajida tun daga Bagadaza har Barno, da yadda ya baro matarsa a Garun Gabas, da yadda maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, da saukarsa gidan tsohuwa Ayana cikin dare, da macijin nan Sarki da ke hana mutane ɗiban ruwan Kusugu sai ran Jumma'a. Yara suka yi tsit, har ina jin kaina wani babban malami. Da na kai ga auren Daurama da haihuwar Bawo, na lissafa musu Hausa Bakwai, sai wani ɗan yaro da ke zaune can baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to bayan nan kuma me ya faru a Daura?"

Wallahi sai na ji bakina ya mutu. Na ce masa an yi sarakuna da yawa. Ya ce su wane ne? Allah ya taimake ni aka buga ƙararrawa. Ashe duk ilmina na tarihin ƙasarmu daren nan guda ne na kisan maciji. Abin da ke tsakanin wannan dare da ranar da aka haife ni, duhu ne ƙirin.

Da hutu ya zo sai wata hidima ta kai ni Kano. Muka bi ta Kazaure, na sauka wajen wani ɗan'uwan mahaifina. Da na gama abin da ya kawo ni, ya ce tun da na ke kiran kaina malamin tarihi, bai kamata in koma ban shiga Gidan Makama ba. Gidan yana cikin birni, ɗan taƙi kaɗan daga fadar Sarki. Masana sun ce tun ƙarni na 15 aka gina shi, domin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma a nan ya zauna kafin a ƙare masa babbar fadar da har yau a ke kira Gidan Rumfa. Daga baya ya zama mazaunin masu sarautar Makama, daga nan ya samo sunansa. Da Turawa suka ci Kano cikin 1903 sun yi aiki a ciki na ɗan lokaci. Yanzu kuwa wani sashensa ne aka mayar gidan ajiye kayan tarihi, a hannun hukumar Tarayya mai kula da irin waɗannan gidaje.

Abin da ya fara kama ni ba kayan da ke ciki ba ne, ginin ne da kansa. Rana ta take tsaka, gari ya ɗauki zafi, amma ina sa ƙafa cikin zaure sai na ji sanyi kamar na shiga inuwar tsamiya. Bango ne na tubali mai kauri ƙwarai. Na ɗaga kai na ga bakan gizo sun taso daga bango sun lanƙwasa sun haɗu a sama, an jera azara tsakaninsu daki-daki, ba ƙusa, ba ƙarfe, ba siminti. Na daɗe a tsaye ina kallo. Kullum a aji muna koya wa yara cewa iska mai zafi sama ta ke tashi, kuma ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi kamar kwano, muna zana musu a allo suna hamma. Ga shi magina waɗanda ba su taɓa shiga aji ba sun san wannan sarai, sun kuwa aikata shi, har yana ba mu inuwa bayan su sun daɗe da zama ƙasa.

Ɗakunan nuni goma sha ɗaya ne, ba kuwa zan bi su ɗaya ɗaya ba, don kada in cinye wa sauran 'yan'uwa fili. An nuna labarin ganuwar Kano da ƙofofinta, har da tsofaffin ƙyamaren ƙarfe waɗanda a ke rufe birni da su in magariba ta yi. Mutum in ya tsaya gabansu ya kan gane abin da kakanninmu ke nufi da tsoro da kuma aminci. An nuna kayan doki da na yaƙi. Nan ne na fara ganin sulke kusa da kusa, zobba ƙanana an sarƙa su cikin juna. Littafin tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya juya da Turanci cikin 1908, ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, tun kafin Rumfa. Na karanta wannan a da, na haddace don jarrabawa, na manta. Yanzu da na gani da ido ba na tsammanin zan sāke mantawa. Gani ya kori ji.

Ɗakuna biyu ne suka fi tsaya mini a zuciya. Na ɗaya shi ne inda aka kawo labarin Basasa, watau yaƙin da aka yi tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, wanda ya ƙare da Alu bisa gadon sarauta. Yaƙin 'yan gida ɗaya ne, jikokin Dabo suka zare wa juna takobi, zuriyar kowane ɓangare kuwa tana nan cikin birni har gobe. Duk da haka Kanawa ba su ɓoye shi ba. Na biyu shi ne ɗakin amarya irin na da, da gadonsa da jeren tasoshi da kwanoni da faifai. Na shiga ina murmushi, don na ɗauka wannan ai ba tarihi ba ne, kayan mata ne kurum. Ban ankara ba sai na ga wani akushi baƙi, daidai da wanda kakata ta ke zuba wa kakana tuwo a ciki sa'ad da na ke ƙarami. Murmushin ya gushe. Zan komo kan wannan akushi.

To, jama'a, ga inda maganata ta dosa. Tarihin Kano da kansa ya ce Bagauda, sarkinta na fari, wanda a ke ƙidaya sarautarsa daga shekara ta 999, ɗan Bawo ne, watau jikan Bayajida, ɗan gidanmu. In ɗa ya tanadi gida guda sukutum don labarin kansa, ina na uba? Baƙon da ya zo Daura, Kusugu mu ke kai shi. An yi wa rijiyar gini an rufe ta, a jawo masa ruwa da guga ya sha, a ba shi labarin maciji, sa'an nan a nuna masa ƙofar fada. In ya yi sa'a zuwansa ya dace da Sallar Gani, cikin watan Rabi'ul Awwal, ya ga hawa da dawaki. Wannan duka abin alfahari ne, ba na kuwa rage masa ko ƙwayar gero. Amma baƙon zai koma gida yana zaton abu guda aka taɓa yi a Daura tun da aka kafa ta. Mu ma 'yan gari haka mu ke zato, kamar yadda yaron nan ya tona mini asiri.

Alhali kuwa da na komo na dage da bincike, sai na tarar ƙasarmu na da labarin da babu irinsa cikin ƙasar Hausa. Tun kafin Bayajida mata ne ke mulki, daga Kufuru har zuwa Daurama, kuma kafin a dawo inda gari ya ke yanzu an zauna a Tsohon Birni. Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso, wajen 1805, Malam Isiyaku mai tutar Shehu ya karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Sarautar ba ta mutu ba. Ta yi ta yawo cikin dazuzzukan arewa da gabas har zuriyarta suka kafu a Zango da Baure, suna zaman dabara tsakanin Daular Sakkwato ta kudu da Damagaram ta arewa. Watau kusan shekara ɗari ana da Daura uku a lokaci guda: ta Fulani cikin birni, ta Zango, da ta Baure. Da Turawa suka zo sai suka komo da Malam Musa daga Zango suka ɗora shi bisa gadon kakanninsa. A Kano da Katsina da Zazzau gidajen Fulani ne suka ci gaba da sarauta, tsofaffin sarakunan Katsina suka tabbata a Maraɗi, na Zazzau a Abuja wadda yanzu a ke kira Suleja. A Daura ne tsohon gida ya komo birninsa. Bayan Musa, Sarki Abdurrahman ya yi shekara 55 yana sarauta, daga 1911 zuwa 1966, sa'an nan Muhammadu Bashar har 2007, sa'an nan Umaru Faruku Umaru. Ga kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata, wadda ta bar waɗansu danginmu a Nijar, har ya zama mutumin Mai'aduwa in zai gai da ƙanwar uwarsa sai ya ƙetare ƙasa. Wani Bature, M. G. Smith, ya rubuta littafi babba a kan waɗannan al'amura, aka buga cikin 1978. Da Turanci ya ke, mai wuya kuwa, yaran Sandamu ba za su karanta shi ba. Amma taswira guda a jikin bango, da garuruwan nan uku a kanta, za ta koya musu cikin rabin sa'a abin da ni ban sani ba sai da na haura shekara ashirin.

Ra'ayina ke nan: a sami tsohon gida guda na ƙasa cikin birnin Daura, daga cikin gidajen manyan sarakunan fada ko na attajiran da, wanda magada suka yarda su ba da ko su sayar, a gyara shi da tubali da azara kamar yadda aka gina shi, a tara labarin ƙasar duka a ciki, daga Tsohon Birni har zuwa 1987 da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Na ce tsohon gida da gangan. Na san abin da zai fi sauƙi shi ne a ba ɗan kwangila ya tsayar da ginin bulo mai rufin kwano a bayan gari, a shafa masa fenti, a zo a buɗe da kaɗe-kaɗe, shekara ta zagayo a tarar da awaki kwance a ƙofa. Gidan Makama ya nuna mini gini da kansa shi ne babban abin nuni. Banda wannan, gidajen ƙasa suna ƙarewa a gabanmu. Kowace damina sai wani soro ya zube, mai gida kuwa in ya sami hali ba ya mai da shi, bulo ya ke sa wa. Maginan da suka iya ɗaurin guga sun tsufa, 'ya'yansu sun kama wata sana'a. Gidan da dole a yi masa yaɓe kowace shekara zai riƙe wa sana'ar rai, ko da magina biyar ne.

Na yi wannan magana da abokai a ɗakin kwana, sun kuwa kawo mini suka, waɗansu masu ƙarfi. Wani ya ce kayan sarauta ba na kallo ba ne, a fada suka dace. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Tambari da a ke bugawa ran naɗin sarki, da takobin da a ke dangantawa ga Bayajida, abubuwa ne masu rai, suna bakin aikinsu. Wanda ya ɗauke su ya kulle cikin akwatin gilashi ya kashe su. A bar wa fada nata. Abin da na ke nema shi ne kayan da ba su da mai tsaro: garma da hauya irin ta da, zuga-zugin maƙeri da uwar maƙera, allera da ƙoshiyar masaƙi, mazari da abawar tsohuwa, baba da shunin marini, burgamin dukawa, mangul da kanwar da Buzaye ke saukewa daga raƙuma, ƙwaryar Fulani mai zane, wuri da anini da aka yi ciniki da su. Sarki yana da maroƙa da marubuta masu riƙe masa suna. Talaka ba shi da kowa sai kayan aikinsa, su kuwa in ya mutu zubarwa a ke yi.

Nan ne zan komo ga akushin kakata. Da na dawo daga Kano na tafi ƙauyenmu na tambaya ina ya ke. Aka yi ta dariya. Ashe bayan rasuwarta wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya zo, aka tattara masa akushin da tasoshinta da mundayenta na tagulla, ya ba da robobi sababbi da 'yan kuɗi kaɗan, kowa na murna an rabu da tarkace. Wannan bai fi ciwo ba. Kakana malami ne, yana da gafaka biyu cike da takardu na rubutun hannu, waɗansu da Larabci, waɗansu da ajami. Na buɗe su da kaina. Gara ta riga ni. Abin da na iya tsincewa bai fi warƙa goma sha ba, a gefen ɗaya kuwa na ga ya rubuta sunayen waɗansu shekaru na yunwa da na fāri, rabin layin an cinye. Ba wanda zan zarga. Ni ma shekara nawa ina wuce gafakar nan a rataye, ina zuwa makaranta in haddace sarakunan Ingila.

Wani abokin kuma, mai tsoron Allah ne ƙwarai, ya ce tara kayan mutanen da yana kama da girmama gumaka, labarin maciji kuma ai tatsuniya ce. Amsata gare shi ita ce, ajiye abu don a sani daban ne da ajiye shi don a bauta masa. Malaman jihadi da kansu ba su ƙi tarihi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infakul Maisuri cikin 1812, ya kawo labarin ƙasashen Hausa da maƙwabtansu gwargwadon abin da ya iske, ko da ya ke ruwayarsa game da asalin Bawo ta saɓa da tamu. Game da maciji kuwa, masana sun daɗe suna muhawara. Farfesa Abdullahi Smith ya yi rubutu cikin 1970 yana cewa ba daidai ba ne a ɗauka wani baƙo guda ne ya haifi Hausawa ko ya ƙago musu sarauta, don shi kansa labarin ya nuna Bayajida ya tarar da gari, da rijiya, da maƙera, da sarauniya bisa gado. Wannan ba ya rage wa Daura daraja, ƙara mata ma ya ke yi, don ya nuna ta girmi baƙon nata. Ni a ganina sai a rubuta ruwayar fada a bango guda, a rubuta maganar masana a bangon da ke fuskantarsa, yaro ya tsaya tsakani ya yi tunani. Ai wannan shi ne aikin da a ke horonmu mu yi.

Suka mafi nauyi ita ce ta wani ɗan ƙasarmu, wanda ya ce tone-tone ba shi da kyau, Haɓe da Fulani sun zama ɗaya, an yi auratayya, an haifi 'ya'ya, me ya sa za a tuna wa mutane wane ya kori wane? Na kwana biyu ina juya wannan. Gaskiya ne akwai gidajen da har yanzu in an ambaci waɗansu sunaye sai fuska ta canja. Amma na lura labarin ba ya mutuwa don an yi shiru, sai dai ya koma cikin zaure, kowane gida yana ba 'ya'yansa nasa rabin, da ƙari. Gara a faɗe shi a fili sau ɗaya, da ladabi, a ba kowane ɓangare haƙƙinsa, a rubuta sunan Malam Isiyaku da magadansa kamar yadda za a rubuta na Sarkin Gwari Abdu da nasa. Kanawa sun yi haka da Basasa, birninsu bai tsage ba. Sai dai na yarda ba aikin ɗalibi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba ne ya tsara wannan bango. Aikin dattawa ne da malaman tarihi, da yardar Mai Martaba.

Zancen kuɗi ba zan daɗe a kansa ba, don ba ni da su. Na dai san ƙananan hukumomi biyar ne cikin masarautar, Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, ƙasar kuma ba ta rasa manyan 'ya'ya ba. Katsina ta mai da tsohon ginin kwalejin da aka buɗe cikin 1922 gidan tarihi, Kaduna ta mai da gidan Sardauna wurin bincike. Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne kayan, don ana iya samun kuɗi baɗi, amma gafakar da gara ta ci bana ta tafi ke nan.

Wannan kuwa mu ne za mu iya, ba sai mun jira kowa ba. Kowane ɗayanmu za a tura shi wani ƙauye ya koyar. Ina roƙon malaminmu na tarihi ya sa wannan cikin aikin hutu mai zuwa: kowa ya nemi tsoho ko tsohuwa guda a garinsu, ya zauna gabansu da ladabi, ya rubuta sunan tsofaffin kaya uku da ke gidan, da amfaninsu, da wanda ya ƙera su in an sani, ya zana siffarsu ko ya ɗauki hoto, kada ya karɓi kome, ya dai roƙa kada a sayar. In akwai takardu, a sauke su daga jikin bango, a kakkaɓe, a naɗe da tsumma mai tsabta, a sa inda ruwa da gara ba su kai. Ni na fara da warƙoƙin kakana. Na kai su wajen limamin unguwarmu, wanda idonsa ya saba da irin wannan hannu, ya karanta mini shida, saura ya ce in komo bayan Sallah.